Babu Mai Kallo a Tunga

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi, amma hanya ɗaya ce, dole a bi ta ciki. Hadiza, ke ce babba, ke kika ji abin da aka riƙa faɗa a makarantarku lokacin, wai an kori ubanku daga aiki don ya sa na'ura ta yi ƙarya ya rufa wa mutanen daji asiri. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku amsa ba. Duk sanda na buɗe baki sai in ji gajiya ta riga ni. Yanzu gwiwa ta hana ni hawa ko tsani, ido ma sai da gilashi, ba abin da ya rage mini sai zama da tunani. To ga yadda abin ya kasance, in kun karanta ku yi naku hukuncin.

Bayan na bar aikin wayar tarho, wata ƙungiya mai tallafa wa ƙananan asibitocin karkara ta ɗauke ni in kula mata da na'urori. Ofishinmu yana Talata Mafara, da dogon ƙarfe a bayansa wanda na hau har ƙafata ta haddace matakansa. Asibitocin kuwa suna Bakura, Maradun, Garbadu, Janbako, sai wani ƙauye can gaba da Gidan Goga wanda zan kira Tunga kawai, don wahalar da mutanensa suka sha ta ishe su ba sai na ƙara da ambaton suna ba. Kowane asibiti an kafa masa eriya da sola da batir, da ɗan akwatin da muke ce wa rauta, wato na'urar da ke nuna wa saƙo hanyar da zai bi. Duk ƙananan rautocin nan da uwarsu ta Mafara kaɗai suke magana. Bakura ba ta jin abin da Maradun ta ce, Maradun ba ta jin Janbako, kowa sai ya biyo ta Mafara. Ku riƙe wannan, don a nan duk masifar take.

Kowace Alhamis da safe wani likita yakan zauna gaban kyamara a ofishinmu ya koyar da ma'aikatan asibitocin: yadda za a gane yaron da zazzaɓi ya taɓa wa kai, yadda za a tsayar da jini bayan haihuwa kafin a samu mota, irin waɗannan. Eriyarmu ba ta da ƙarfin da za a aika wa kowa hotonsa daban, sai a saki hoto ɗaya uwar rauta ta watsa shi ga duka. Mu a sana'a maltikas muke ce masa. Ku da kuka tashi kusa da kanal ɗin Bakolori ba sai an yi muku dogon bayani ba: ruwa ɗaya ake saki, gonaki da yawa su sha. Kamfanin Kaduna da ya kafa mana tsarin, shi ke da ikon canza saitin uwar rauta, kuma ta tauraron ɗan'adam suna ganin abin da take ciki daga can ofishinsu. Ni ikona a kan ƙananan ne, da hawa ƙarfe, da shan rana.

Ma'aikacin lafiyar Tunga kuwa kawunku ne, Isiya, ƙanen Innarku Kulu. Ni na kai shi aikin. Abokin wasana ne tun yana ɗan makaranta yana zuwa hutu gidanmu yana cinye mana ƙanzo, ina ce masa likitan awaki, shi kuma yana ce mini biri mai hawan ƙarfe. Shi kaɗai ne a asibitin, don mai taya shi ta gudu Maradun tun farkon damina, ban kuma ga laifinta ba.

A daminar nan ne hoto ya fara gardama. Likita zai fara magana, a gan shi tar, bai gama jimla ba sai ya daskare da baki a buɗe. A yi ta jira kamar minti uku, ya motsa, ya faɗi kalma biyu, ya sake daskarewa. Haka har a gama darasi ba wanda ya tsinci komai. Abin haushin, ba kowace Alhamis ba ce. Wani makon lafiya lau, wani makon kamar an yi masa baki. Sauran abubuwa kuwa duk suna tafiya, a aika rahoto ya je, a kira asibiti ta layin cikin gida a ji murya garau. Hoton darasin kaɗai ke mutuwa, kuma a dukkan asibitocin lokaci guda.

Shugabar ofishinmu Hajiya Rabi ce, mace mai gaskiya, mai kuma son a gama abu jiya.

"Malam Mamman, yau ma? Ungozomar Bakura ta ce in ba a gyara ba ita ta bar zama, gara ta tai ta ga marasa lahiya."

"Hajiya, ina kai."

"Kullum kana kai. Wane wuri na kan nan da ba a isa?"

Na zargi ruwan sama, na zargi batir, na zargi hasbiyoyin da ke kwana kan eriya. Na canza kebul a Mafara. Na hau babur na je Bakura na gyara saitin faifan eriya, na dawo da ciwon baya. Na je Garbadu cikin taɓo na tarar komai lafiya, mai gadin ma har da ba ni dafaffiyar masara don ya ga na yi zuru. Injiniyan Kaduna na kira shi ya ce tsarinsu ba ya kuskure, in duba wajena. Mutum ya kai shekaruna yana fama da abin da ba ya ganuwa, yana dawowa gida yara na tambayarsa ko an samu, wallahi akwai cin rai.

Ranar da na gano, ban hau komai ba. Zama na yi a ɗakin na'urori lokacin darasi, na sa uwar rauta ta riƙa nuna mini duk maganar da ƙananan ke yi mata. Hoto na fita sai ga saƙo daga rautar Tunga, ma'anarsa, nan babu mai kallo, a daina aiko mini. Wannan ba laifi ba ne, haka aka gina su, don kada a yi asarar hanya. Uwar takan ɗan dakata ko wani zai ce a'a, ni ina so. A inda rautoci ke jin juna, nan take wata za ta yi magana a ci gaba. Amma namu ba sa jin juna. Bakura ba ta san Tunga ta ce komai ba, balle ta musa. Uwar kuma an saita ta tana kallon dukkansu ta ƙofa ɗaya, sai ta ji shiru ta rufe ƙofar gaba ɗaya. Bayan 'yan mintoci ta sake buɗewa ta gwada, Tunga ta sake cewa babu mai kallo, ta sake rufewa. Sai na tuna ashe tun da can farkon darasi yakan yi 'yar gardama har kowa ya kunna kwamfutarsa, muna ta cewa na'ura ce ke ɗumi.

Na yi murna ta minti ɗaya, irin murnar mai sana'a. Sai kuma na gane abin da hakan ke nufi. Na'ura ba ta lalace ba, gaskiya take faɗa. Duk Alhamis ɗin da hoto ya mutu, Isiya ba ya asibiti. Kuma kullum in Hajiya ta tambaya washegari sai ya ce ya kalla har inda hoto ya tsaya, kamar kowa. Wa zai kama shi, tunda rashinsa ne ke hana kowa gani?

Ban gaya wa kowa ba sai da Isiya ya shigo kasuwa ran Talata sayen magani. Na ja shi zauren gidanmu bayan azahar, na rufe ƙofa. Da farko ya so ya mayar da abin wasa.

"Yaya Mamman, yanzu biri har duba ya koya?"

"Isiya, ba wasa ni kai ba. Ina kaka zuwa ran Alhamis?"

Ya bar wasan. Na lura ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Mutanen daji na, zuwa sukai su ɗauke ni. Ba Alhamis kaɗai ba, dut sadda sunka so. Bisa babur, a ɗaure min ido. Wani harbi na, wani matatai ta ka naƙuda. In gama su maido ni."

"Kai ko ka bi su?"

"Ranar da nic ce ba ni zuwa, cewa sunka yi to su za su zo, su da wuta. Yaya, gari guda na. Mai gari ya sani, shi yac ce in yi haƙuri in riƙa zuwa. In ofis ta ji, hukuma ta ji. In hukuma ta ji, kai ka san sunan da za a ba ni. Ba a tambayar infoma dalili nai."

Na sani. A shekarun nan kalmar nan ta fi harsashi saurin kisa, don harsashi ma sai an saita. Na ce masa ya bar kwamfutar a kunne mana in zai fita. Ya ce sun taɓa ganinta sun tambaya ko da ita yake kai rahotonsu, tun ranar yake binne ta cikin buhun dusa da ya ji ƙarar babur. Na ce ya bar aikin ya dawo Mafara. Ya ce in ya gudu, mutanen dajin za su ritsa garin da tambayar ina ya tafi. Kafin ya tashi ya kama hannuna.

"Ka yi min alkawali ba ka hwaɗa ma kowa."

Na yi masa. Ashe Innarku na bayan ƙofa da kwanon fura, ta ji komai. Bayan ya tafi ta ajiye kwanon a gabana.

"Malam, mu biyu munka rage ga uwarmu. In akwai yadda za a yi na'urar ga ta yi shiru, ka yi don Allah."

Akwai, har hanya biyu. Gyara na gaskiya shi ne Kaduna su canza saitin uwar rauta ta riƙa ba kowane asibiti ƙofarsa daban, wanda ya ce ba ya so a rufe tasa kaɗai. Aiki ne mai tsabta, da a ce wani wuri ne da shi zan bayar da shawara ido rufe. Amma in aka yi haka, uwar za ta riƙa jero sunan masu kallo ɗaya bayan ɗaya, duk Alhamis, a gaban injiniyan Kaduna, kuma ramin da Tunga za ta bari ko makaho ya gan shi. Ɗaya hanyar kuwa layi ɗaya ne zan rubuta a rautar Tunga, daga kujerata a Mafara, in umarce ta ta ɗauki kanta mai kallo, ko da mutum ko babu. Ba za ta sake cewa a daina ba. Gyara ne irin na ɗaure tukunya da tsumma, kowane mai sana'a ya san shi, ana yi don gwaji a cire. Ni na rubuta na bar shi.

Alhamis ta zo, likita ya yi magana tun daga bismilla har fatiha bai daskare ba. Hajiya Rabi ta aiko mini da lemo mai sanyi. Ta ce mene ne ya lalace, na ce wani saiti ne a Tunga. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba, lemon ma ban iya shanye shi ba. Ba na jin kunyar wannan layin har gobe. Ungozomar Bakura ta koyi abin da ta koya, Isiya kuma ya ci gaba da numfashi.

Sai aka rufe layukan waya a jihar gaba ɗaya, aka hana cin kasuwannin mako. Kun tuna lokacin, ku ne kuke ta kuka babu hira. Mu an bar mana eriyarmu saboda aikin asibiti ne. Ba waya, ba kasuwa, ba mai zuwa daga wajen Gidan Goga, sai ya zama duk duniya ni kaɗai ke da tagar leƙa Tunga. Uwar rauta na cewa akwai mai kallo, amma ni in na shiga cikin rautar Tunga kanta ina iya ganin ko kwamfutar Isiya ta yi motsi. In ya dawo daga daji yakan rubuto ta layin cikin gida, lafiya lau, a gaida Yaya Kulu. Kullum na shigo gida Innarku ba ta tambayar ko na gaji, fuskata take karantawa tun daga ƙofa.

Wata Alhamis ban ga kwamfutarsa ba. Na ce ai an saba. Juma'a shiru, Asabar shiru. Alhamis ta zagayo, babu. Rautar kuwa sola na ciyar da ita, tana ta amsa wa uwarta cewa akwai mai kallo, hoton likita na ta zuba cikin ɗakin da ban san ko ƙofarsa a rufe take ko a buɗe ba. Ofis ba wanda ya lura, don a hargitsin nan rahoton kowa ma makara yake yi. Na nemi ɗan acaɓan da zai kai ni, kowa ya ce ko an cika masa tanki ba ya wuce Maradun, man ma ina yake. Na je Maradun ɗin, na tarar da wasu 'yan Tunga a makarantar firamare da tabarminsu. Wata tsohuwa ta ce an zo an tafi da malamin asibiti, bai dawo ba, su kuma tsoro ya sa suka fito.

Gaba kura, baya siyaki. In na yi shiru, ba wanda ya san ya ɓata balle a neme shi. In na yi magana, sai na faɗi yadda aka yi na sani, da dalilin da na'ura ke cewa yana nan, da inda yake zuwa tun farko. Innarku da ta ce in sa na'ura ta yi shiru, ita ce yanzu ta daina cin abinci.

"Ka hwaɗa musu, Malam. Gara a zage shi da rai."

"Na yi mai alkawali, Kulu."

"Alkawali da wa? Da wanda ba mu san ko shina da rai ba?"

Na gaya wa Hajiya Rabi komai, a ofishinta, da rana tsaka. Ta cire gilashinta ta murza ido. Ta ce ba ta da ikon ɓoye ɓatan ma'aikaci, kuma gaskiyarta ce. Ta sanar da na sama, na sama suka sanar da hukuma. Aka kira ni aka yi mini tambayoyi yini guda, yawanci a kan eriya, ko ana iya magana da daji da ita. Injiniyan Kaduna ya shiga rautar Tunga ya ga layina, ya cire, ya yi gyaran nan mai tsabta cikin ɗan lokaci, ya rubuta cewa ma'aikacin ƙungiya na Mafara ya sa tsari ya ba da bayanin ƙarya. Bai yi mini ƙazafi ba. Hajiya ta yi iya yinta, amma aka ce in miƙa makullai. Na miƙa, ban yi gardama ba, don lokacin ko gardamar ba ni da ƙarfinta.

Maganar da na faɗa a ɗaki mai rufaffiyar ƙofa, kafin mako ya zagayo ta isa Maradun ta canza kaya. Ba a ce an sace malamin asibiti ba, cewa aka yi likitan ɓarayi ya koma wurin iyayen gidansa. Wasu matasa suka je ƙofar gidan kakarku da gorori. Matar Isiya ta kwashe yara ta tafi gidansu. Kakarku ta dawo wurinmu, ku kun ɗauka ziyara ce ta yi tsawo.

Sai bayan an girbe gero aka buɗe waya muka ji yana da rai. Wani babba cikin mutanen dajin ne ya samu rauni a cinya, suka riƙe Isiya yana jinyarsa, da ya taka suka ajiye shi bakin hanya. Wani direba da ya san shi ya gaya masa abin da ake faɗa a gari, ya ce in yana son ransa kada ya sauka a Maradun. Bai sauka ba. Ya wuce Sakkwato, wani abokin karatunsa ya ba shi tsaron shagon magani.

Na bar wata biyu kafin na iya zuwa. Na same shi da hantsi yana jera kwalabe. Ya ba ni kujera, ya aika aka kawo ruwa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Yaya Kulu, ya tambayi kowannenku da sunansa. Bai ce mini biri ba. Malam Mamman ya kira ni, kamar mai sayen magani. Da gaisuwa ta ƙare na ce masa na zo ne ya ji daga bakina.

"Na jiya," ya ce. "Da ka yi kurum, da yanzu ina gida cikin ɗiyana."

"Isiya, da na yi kurum, wa za shi neme ka?"

Ya ajiye kwalbar da ke hannunsa, ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"To da kah hwaɗi, Yaya, wa yan neme ni?"

Na buɗe baki, na tuna yinin nan da aka yi ana tambayata eriya, ban tuna ko mutum ɗaya da ya tambaye ni ta wace hanya aka bi da shi ba. Wata mata ta shigo neman maganin tari, ya juya ya saurare ta. Na zauna har ya sallame ta, ya sallami na bayanta, sannan na tashi na nemi motar Mafara.